Shin Mutanen Sikandinabiya Ne Suka Kai Wa Sikotland Zanen Kilt?

Duk wanda ya taɓa ganin faretin sojan Birtaniya ko hoton bikin aure a Sikotland ya san kilt: zanen ulu mai gida-gida da maza ke ɗaurawa daga ƙugu zuwa gwiwa, gabansa a shimfiɗe, bayansa cike da tattara, ga 'yar jakar fata tana reto a gaba saboda ba shi da aljihu. Cikakken guda ɗaya yakan ci yadi kusan 8. An daɗe ana yaɗa wata magana a kansa, wai asalinsa kayan mayaƙan ruwan nan ne na Norwe da Danmak, waɗanda tarihi ya sani da sunan Viking, mu ce Baikinawa, kuma su suka zo da shi lokacin da suka mamaye tsibiran Sikotland. Maganar takan yi wa wasu daɗi, musamman mutumin da kakansa na wajen uba ɗan Sikotland ne, na wajen uwa kuma ɗan Norwe ko Suwidin, yana son tufa ɗaya ta haɗa masa gidajen biyu.

Dangantaka kam akwai ta, mai zurfi ma. Amma idan aka bi ta daki-daki, za a same ta a jinin masu ɗaura zanen, da sunayen gidajensu, da jiragen ruwansu, har da sunan da aka laƙaba wa zanen. Shi kansa ƙyallen hanyarsa daban.

A shekarar 793 Baikinawa suka far wa gidan rahibai na Lindisfarne a gaɓar arewa maso gabashin Ingila. Shekara biyu bayan haka suka isa Iona, ƙaramin tsibirin da ke zaman cibiyar Kiristanci a yammacin Sikotland. Sun koma a 802, sannan a 806 suka kashe mutum 68 daga cikin mazauna wurin. Da fari harin kwasar ganima ne, a zo a ɗiba a juya gida kafin sanyi ya kankama. Daga baya suka kafa gidaje, suka kama noma da kiwo da su. Tsibiran Shetland da Orkney suka zama nasu ɗungurungum, haka lardin Caithness, da tsibiran Hebrides na yamma. Har yau akwai lardi a can ƙuryar arewacin Sikotland mai suna Sutherland, ma'ana ƙasar kudu, don masu raɗa masa sunan daga Orkney suke hango shi. A tsibirin Lewis mafi yawan sunayen ƙauyuka daga tsohon harshen Sikandinabiya suka fito, har da Stornoway, babban garin tsibirin. Su kuwa 'yan ƙasa, mutanen da ake kira Gael, mu ce Gelawa, sai suka koma kiran tsibiran yamman da Innse Gall, wato tsibiran baƙi.

Wannan mulki ya daɗe. Sai bayan karawar da aka yi tsakanin Norwe da Sikotland a Largs a 1263, da rasuwar Sarki Haakon na Huɗu na Norwe a Orkney a ƙarshen shekarar, aka ƙulla yarjejeniyar Perth a 1266, inda Norwe ta sakar wa Sikotland tsibiran Hebrides da tsibirin Man a kan azurfa mak 4,000, da mak 100 duk shekara. Orkney da Shetland sun ƙara shekara ɗari biyu a hannun Norwe. Sarki Christian na Ɗaya na Danmak da Norwe ne ya jinginar da su a 1468 da 1469, da ya rasa kuɗin garar 'yarsa Margaret wadda ta auri James na Uku na Sikotland. Ba a fanshe su ba, Sikotland ta haɗe su a 1472. A riƙe shekarar 1266 da kyau, don za mu dawo kanta.

To me Baikinawa ke sawa? Wando. Guntayen tufafin da aka tono a tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Hedeby, da zane-zanen jikin duwatsun tsibirin Gotland, da labaran da mutanen Aislan suka rubuta, duk abu ɗaya suke nunawa: taguwar ulu zuwa cinya ko gwiwa, wando a ƙarƙashi, wani matsattse wani buje, a naɗe ƙwauri da ƙyalle, a yafa mayafi a maƙale shi da ƙarfe a kafaɗa. Malaman Musulmi ma sun bar shaida a kan 'yan uwansu da suka bi kogunan Rasha. Ahmad ibn Fadlan, wakilin Halifa Muƙtadir na Bagadaza, ya gan su a bakin kogin Volga a 922, ya ce namijinsu kan yafa mayafi ya rufe ɓari ɗaya na jiki ya bar hannu ɗaya a waje. Ibn Rusta kuma ya ambaci manyan wandunansu masu cin yadi da suke tattarewa a gwiwa. Mutumin da ke kwana a buɗaɗɗen jirgi cikin sanyin tekun arewa yana da dalilin rufe ƙafarsa.

Hujjar da masu wannan ra'ayi suka fi dogara da ita ita ce labarin Sarki Magnus na Norwe, wanda ya yi mulki daga 1093 zuwa 1103, ake masa laƙabi da Mai Ƙafa Tsirara. A 1098 ya tasar wa tsibiran yamma da rundunar jirage, ya tilasta wa Sarki Edgar na Sikotland amincewa cewa tsibiran na Norwe ne. Masanin tarihin nan na Aislan, Snorri Sturluson, ya rubuta cewa da Magnus da mutanensa suka koma gida sai suka riƙa yawo a titi da gajerun taguwoyi da mayafai, ƙwauri a waje, irin shigar mutanen ƙasashen yamma, daga nan laƙabin ya samo asali. Wasu na jin wannan sai su ce ga shi nan, sarkin Baikinawa sanye da kilt.

A sake karanta labarin a natse. Abin da yake faɗa shi ne mutanen Norwe sun ga abin da ba su saba gani ba, har ya zama laƙabi. Da barin ƙwauri a waje ɗabi'arsu ce, da ba wanda zai ɗaga kai ya dubi sarki. Shigar daga wajen Gelawa ta fito, Magnus ne ya ara. A ganina wannan labari, wanda ake kawowa don tabbatar da cewa kilt na Baikinawa ne, shi ne ya fi kowane rusa maganar. Sannan taguwa Snorri ya ambata, riga mai sauka daga kafaɗa, bai ce zanen ɗaurawa a ƙugu ba. Ga shi kuma ya yi rubutunsa ne wajen 1230, fiye da shekara ɗari bayan an kashe Magnus a Ailan, kuma wasu tsofaffin marubutan sun ba da dalilai daban na laƙabin.

Taguwar da Magnus ya ara ita ce tsohuwar shigar Gelawan Ailan da Sikotland: doguwar rigar lilin da suke kira léine, wadda masu hali kan rina ta ruwan ɗorawa, da babban mayafin ulu mai suna brat. Mayaƙansu kan sa sulke ko doguwar rigar lifidi. Akwai duwatsun kaburbura da yawa a yammacin Sikotland da aka sassaƙa mayaƙa sanye da wannan lifidi, layukan ɗinkinsa sun sauko a tsaye har gwiwa, shi ya sa mai kallo daga nesa kan ɗauka tattarar kilt yake gani.

Bayani na farko da ba shi da shubuha a kan kakan kilt ya shafi shekarar 1594 ne. Wani marubucin Ailan, cikin tarihin rayuwar basarake Red Hugh O'Donnell, ya kwatanta sojojin hayar da suka zo daga tsibiran Hebrides. Ya ce ana gane su a cikin sojan Ailan saboda mayafansu masu launi-launi da suka sauka har ƙwauri, kuma ɗamararsu a kan mayafin suke ɗaura ta. Wannan ɗamara a kan mayafi ita ce sabon abu. Mayafin ya girma, sai aka haɗa faɗin saƙa biyu, tsawonsa ya kai yadi 4 zuwa 5, a tattara tsakiyarsa a ɗaure da bel a ƙugu. Rabin ƙasa ya tsaya a gwiwa, rabin sama a yafa a kafaɗa, ko a lulluɓe kai idan ruwa ya sauko. Da dare a kwance bel ya zama bargo. Ga makiyayin shanu a ƙasar tuddai da fadamu, inda ake ratsa rafi sau da yawa a wuni, tufa ce mai ma'ana: wando kan jiƙe ya manne a jiki, ƙwauri kuwa nan da nan ya bushe. Gelawa suka kira shi fèileadh mòr, babban naɗi.

Tsakanin 1266 da 1594 shekara 328 ce. Da Baikinawa ne suka zo da wannan zane, da an ga alamarsa a rubutu ko a sassaƙa cikin waɗannan ƙarni uku, da kuma an gan shi a Norwe.

Amma a dubi su wane ne waɗannan sojoji na 1594, don a nan ainihin dangantakar take. Mutanen Hebrides ne, tsibiran baƙi. Baikinawan da suka zauna a can ba su koma gida bayan yarjejeniyar Perth ba. Tun kafin nan sun yi auratayya da 'yan ƙasa, sun karɓi Kiristanci, harshen 'ya'yansu ya juye zuwa Gelanci, har aka samu al'ummar da ake kira Gall-Ghàidheil, Gelawa baƙi. Babban jigonsu Somerled, wanda aka kashe a Renfrew a 1164, sunansa na Sikandinabiya ne, ma'anarsa matafiyin bazara, wato mai fita hari lokacin da teku ta kwanta. Matarsa Ragnhild 'yar Olaf ce, sarkin tsibirin Man. Daga ɗansu Dugald gidan MacDougall ya fito, daga jikansu Donald kuma gidan MacDonald, wanda ya riƙe sarautar tsibirai har sarkin Sikotland ya ƙwace ta a 1493.

Idan aka ɓare sunayen gidajen da yau suka fi alfahari da kilt, sai a yi ta cin karo da Baikinawa. Mac ɗa yake nufi. MacLeod ɗan Ljót ne, MacAulay na Lewis ɗan Olaf, MacIver ɗan Ivar, MacAskill ɗan Asketil. Gidan Gunn na Caithness daga Gunni ya samo suna. Tormod da Torquil, sunayen da gidan MacLeod ya yi ta raɗa wa 'ya'yansa maza, dukansu suna ɗauke da sunan Thor, abin bautar Baikinawa kafin su bar maguzanci. Abin da kuma suka gada kai tsaye, babu gardama, shi ne jirgin ruwa. Birlinn, jirgin yaƙin sarakunan tsibirai, jikan jirgin Baikinawa ne a ƙira da haɗin katako. An sassaƙa shi a kan kabarin Alasdair MacLeod, wanda aka gina a 1528 a cocin Rodel da ke Harris, kuma har yau yana cikin tambarin gidaje da dama na yammacin ƙasar. Saboda haka idan aka ce jikokin Baikinawa suna cikin waɗanda aka fara gani da wannan zane, gaskiya ne. Sun ɗaura shi ne bayan sun daɗe da zama Gelawa, harshe da addini da ɗabi'a.

Akwai gwaji mai sauƙi. A tafi inda al'adar Sikandinabiya ta fi daɗewa, a ga ko akwai kilt. A Orkney da Shetland mutane sun ci gaba da magana da harshen Norn, ɗan uwan harshen Norwe, har cikin ƙarni na 18. Ragowar dokar mallakar ƙasa ta Norwe tana nan a kan filayen bakin teku. Wani babban binciken ƙwayoyin halitta da masana daga Jami'ar Oxford suka jagoranta, aka wallafa a 2015, ya gano kusan kashi 25 cikin ɗari na asalin mutanen Orkney daga Norwe yake. Tutocin tsibiran biyu duk gicciyen ƙasashen Sikandinabiya suke ɗauke da shi. Amma kilt ba kayan gadonsu ba ne, ba su yi Gelanci ba, ba su da tsarin gidajen zuri'a irin na mutanen tuddai, wato Gelawan arewacin Sikotland. Idan mutanen Lerwick, babban garin Shetland, suka tashi nuna asalinsu a bikin Up Helly Aa, Talatar ƙarshe ta watan Janairu, hular ƙarfe da gatari da garkuwa suke ɗauka, su ja jirgin Baikinawa cikin gari su banka masa wuta. Inda jinin Norwe ya fi kauri, nan kilt ya fi zama baƙo.

Sunan fa? Nan masu maganar suna da gaskiya. Kalmar kilt ba ta Gelanci ba ce. Ta fito daga harshen Scots, ɗan uwan Ingilishi da ake yi a kudanci da gabashin ƙasar, inda take nufin tattare riga a soke ta a ƙugu. Su kuma sun aro ta daga tsohon harshen Sikandinabiya: kjalta, cinya ko ninkin riga, kuma har yau a harshen Danmak kilte na nufin tattarewa. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Edward Burt, wanda ya yi aiki a yankin tuddai wajen 1730, ya rubuta ta da quelt. Kenan maƙwabtan da ba sa ɗaura zanen ne suka raɗa masa suna, da kalmar da ta riga ta daɗe a bakinsu.

Zanen gida-gida, wanda ake kira tartan, shi ma ana janyo shi cikin gardamar. Gaskiya ne an samu tsohuwar saƙa mai gida-gida a Sikandinabiya. Gawar matar da aka tono daga taɓon fadamar Huldremose a Danmak a 1879, wadda ta rayu kimanin shekara 2,000 da suka wuce, tana sanye da siket ɗin ulu mai gida-gida. A Sikotland ma an samu guntun irin wannan saƙa a Falkirk, daga ƙarni na 3, an toshe bakin tukunyar kuɗin Rumawa da shi, shekara ɗari biyar kafin jirgin Baikinawa na farko ya iso. Wannan ba ya nuna wani ya koya daga wani. Duk masaƙin da ya jera launi biyu a zaren tsaye, ya maimaita su a zaren kwance, gida-gida zai fito masa, kamar yadda masaƙanmu suka fitar da saƙi da baƙin zare da fari ba tare da sun taɓa jin labarin Falkirk ba.

Kilt ɗin da muke gani yau ma ya fi haka ƙuruciya. A farkon ƙarni na 18 aka raba babban naɗin biyu, aka bar rabin ƙasa kawai. Wata wasiƙa da aka buga a 1785 ta danganta wannan ga Thomas Rawlinson, ɗan Ingila mai masana'antar narka ƙarfe a Invergarry, wai ya ga rabin sama na hana ma'aikatansa sakewa a gaban wuta. Masana da dama na Sikotland suna ganin an riga shi. Bayan an murƙushe tawayen magoya bayan tsohon gidan sarauta na Stuart a Culloden a 1746, majalisar Landan ta haramta wa maza shigar mutanen tuddai, laifin farko wata shida a kurkuku, na biyu korar shekara bakwai zuwa ƙetare. Soja kaɗai aka ɗauke wa, kuma a bataliyoyi irin su Black Watch zanen ya rayu har aka soke dokar a 1782. Da Sarki George na Huɗu ya ziyarci Edinburgh a 1822 sanye da kilt, a bikin da marubuci Walter Scott ya tsara, sai kayan da aka raina a matsayin na 'yan ƙauye ya zama alamar ƙasa baki ɗaya. A wannan zamanin ne aka tsara cewa kowane gida yana da nasa zane, da hannun masaƙa irin su kamfanin Wilson na Bannockburn. Fitaccen zanen rawaya da baƙi na MacLeod a wani littafi na 1842 ya bayyana, wanda wasu 'yan uwa biyu suka ce daga tsohon kundi suka kwafo, daga baya aka tabbatar jabu ne. Gidan na jikokin Ljót ne, zanen kuwa bai kai shekara 200 ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne tafiyar ta juya daga baya, 'yan Sikotland suka riƙa zuwa Sikandinabiya a matsayin sojan haya. A watan Agusta na 1612 wasu kimanin 300, cikinsu har da Kyaftin George Sinclair na Caithness, suka sauka a Norwe da nufin ratsawa ta ƙasa su shiga rundunar Suwidin. Manoman kwarin Gudbrandsdal suka yi musu kwanton ɓauna a Kringen, suka hallaka mafi yawansu. Matan wannan kwari suna da rigar gargajiya mai jan gida-gida, kuma akwai masu cewa daga zanen gidan Sinclair aka samo ta. Labari ne mai jan hankali, sai dai a 1612 ba a fara raba wa gidaje zane ba tukuna. Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce wani hoton bugu na 1631 wanda ya nuna sojojin da suka sauka a Stettin, garin da yanzu yake cikin Polan, don yi wa Sarki Gustavus Adolphus na Suwidin yaƙi, ana kyautata zaton mutanen Donald Mackay ne. Wasunsu na ɗaure da babban naɗi mai gida-gida. Yana cikin tsofaffin hotunan wannan tufa da ake da su, kuma an zana shi ne don shigar ta ba mutanen wurin mamaki.

Saura tambayar da ke ƙarƙashin duk wannan gardama: ɗan Norwe ko ɗan Suwidin zai iya ɗaura kilt? Ba ya bukatar ƙirƙirar tarihi kafin ya yi. Babu dokar da ta hana kowa. Tun 2009 akwai rajistar hukuma a Edinburgh inda kowa zai iya shigar da sabon zane, kuma an yi wa garuruwa da jami'o'i da kamfanoni nasu. Musulmin Sikotland ma sun fitar da nasu a 2012. Wanda sunan gidansu MacLeod ko Gunn, yana da hujjar cewa zanen ƙugunsa na Gelawa ne, sunansa na Baikinawa, duka biyun nasa ne. Wanda ba shi da gida a Sikotland yakan zaɓi zanen da kowa ke sawa, irin Black Watch, ko na wani yanki. Wanda al'ada ta fi tsarewa shi ne Balmoral, mai ruwan toka da baƙi da ja, da Yarima Albert mijin Sarauniya Victoria ya tsara a 1853: na gidan sarauta ne, sai kuma mai busa wa sarki algaita.